Shafin Riga

Uku saura na dare a Hull,
ruwa na marin tagar ɗaki na huɗu.
Suka turo shi bisa gadon taya,
Mista Ridsdale, mai ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa,
sittin da ɗaya, fuska ta koma toka.

Na ce, ina ne?
Ya dafa ƙirji, ya kai hannu baya
can tsakanin kafaɗu, inda ba ya isa.
"Kamar an kama ni ana yagewa."
Yagewa. Kalmar ta maƙale mini a wuya.

Takardar bugun zuciya ta fito da 'yar gargada.
Dakta Ferrand ya riga ya yanke:
toshewa ce, a tsinka jini.
Allura na hannun nas, ta cire murfi.
Na ce, ku ara mini minti biyu.
Ya dubi agogo. Na ce, sauri kan haifi nawa,
amma da Hausa na faɗa, a cikina.

Awon hannun dama, ɗari da saba'in.
Na hagu, ɗari da goma.
Jiki ɗaya, shaida biyu,
wani cikinsu ya ga abin da ya faru.

Na jawo na'urar, tayarta ɗaya na ƙara,
na matsa mai mai sanyi gefen ƙashin ƙirji,
na dasa kanta tsakanin haƙarƙari
ina sauraro da ido.
Allo ya yi yayyafin baƙi da fari.
Ƙashi ya tare. Huhu ya tare.
Juya hagu kaɗan, malam. Saki numfashi. Tsaya nan.

Sai ga ta.
Uwar jijiya, inda ta baro zuciya,
ta buɗe fiye da ƙima, santimita biyar da ɗoriya,
kuma a tsakiyar ramin
wani siririn zare fari
yana kaɗawa, yana dawowa,
yana kaɗawa da kowane bugu.

Babana tela ne a Kontagora.
Yakan ɗaga riga ga hasken ƙofa,
ya zura yatsa tsakanin yadi da shafi:
"Ladidi, kin gani? Waje lafiya lau.
Ciki ne ya saki.
In ba a kama yau ba, gobe ya kai gindi."
Shekara goma sha huɗu da rufe shagonsa,
ga yatsan nan nasa a kan allo.

Na gangara ƙasan ƙirji.
Baƙin layi ya kewaye zuciya, siriri,
jini ya fara taruwa inda ba gidansa ba.

Ajiye allurar nan.
Ba da ƙarfi na faɗa ba. Ta ajiye.
Ferrand ya sunkuyo, ya daɗe yana kallo,
sannan shi da kansa ya ɗauki waya.
A rage bugu, a sauke awo,
a buɗe ɗakin babban hoto,
a tashi masu fiɗa daga barci.

Matarsa na tsaye a baranda,
kwat bisa rigar barci, tabaransa a hannu.
"Bugun zuciya ne?"
Turancina ya ƙare a nan.
Na juya bakin kwat ɗinta,
na nuna mata shafi, na raba shi da yatsu biyu.
Ta kalla. Ta gyaɗa kai.
Ta ce uwarta ma ɗinki take yi.

Takwas da rabi, a bas, tsuntsayen teku na ihu,
man ya bushe a hannun rigata, ya yi fari.
Waya ta motsa: har yanzu suna ciki.

Ban san yadda za ta ƙare ba.
Ni dai na ga inda ya saki,
na kuma miƙa wa masu zare.